Alluran da Bube Ya Bari Don Sukuwa

Da sunan Allah nake farawa, ina kuma roƙonsa ya sanyaya mini zuciya, don har yau in na tuna tafasa take yi. Sunana Kulu, tuwon shinkafa nake sayarwa a Argungu. Abin da zan faɗa ya faru ne tun muna Jihar Sakkwato, lokacin da ko ƙwayar magani ce ta ƙare a asibiti sai a ce a jira mota daga can. Na ga ya kamata in rubuta shi ne saboda har gobe akwai masu tari a gidajenmu, kuma har gobe ce musu ake yi sanyi ne.

Bube ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni na goye shi bayan rasuwar innarmu. A gaban mutane Yaya yake ce mini, in mun keɓe kuwa babu irin tsiyar da ba ya yi mini. Ɗan ƙaramin mutum ne marar jiki, ga ban dariya, sana'arsa hawan dokin sukuwa. Wani Alhaji mai fataucin albasa yake hau wa, wanda ba zan ambaci sunansa ba, ba don ina ganin girmansa ba, sai don 'ya'yansa ba su yi mini komai ba. Dawakinsa huɗu, amma abin alfaharinsa wani baƙin ingarma ne da ake kira Ɗan Gulbi, wanda ba ya yarda da kowa a bayansa sai Bube. Duk inda aka yi sukuwa bayan an kwashe shinkafa, Argungu ne, Augie ne, Birnin Kebbi ne, da su ake yi, ni kuma ina bakin fili da tukwanena. Ba zan ɓoye ba, na ci arzikin sukuwa. Ranar da Bube ya zo na ɗaya, tuwona ba ya kai la'asar.

Tarin ya fara ne kamar wasa. Kullum da sassafe yakan shiga gulbi da dokin ya wanke shi, ruwa har ƙirji, don haka kowa ya ce sanyin gulbi ne ya shige shi. Makon farko na dafa masa citta da kanunfari da masoro, na zuba zuma. Mako na biyu Gwaggo Tumba, ƙanwar babanmu, ta ce ban iya ba, ta kawo dakakkiyar tafarnuwa da man shanu ta ce ya riƙa lasa kafin ya karya. Ya yi ta lasa har mutane suka fara ja da baya in yana magana, tari bai ma san ana yi ba. Da yamma jikinsa ya ɗau zafi, da safe a tarar da tabarmarsa jiƙe da gumi, abinci kuma loma biyu ya ture kwano.

Nan ne nake so mai karatu ya natsu. A ko'ina in mutum ya fara ramewa, tambayarsa ake yi ko lafiya. A wajen masu sukuwa barka ake yi masa. Mahayi mai nauyi yana rage wa doki gudu, saboda haka duk shekara in sukuwa ta matso Bube kan sha wuya, ya bar tuwo, ya jiƙa tsamiya da kanwa ya sha don cikinsa ya wanke, ya yi ta gudu a rana da riga biyu. Shekarar nan bai yi ko ɗaya ba, nama yana zubewa da kansa. A barga sai murna ake yi. Alhaji ya kama damtsensa ya zagaye shi da yatsu biyu, ya yi dariya ya ce bana Ɗan Gulbi iska zai ɗauka. Bube ya zo yana ba ni labari baki har kunne. Ni kuma, Allah ya yafe mini, ni na ɗauki ƙusa na ƙara masa huji a bel ɗin wandonsa har sau biyu, ina tsokanarsa wai ya koma karan dawa.

A mako na biyar Gwaggo ta zo da wanzami ba tare da ta shawarci kowa ba.

"Hakin wuya na," in ji ta. "Shi ka sosa mai maƙoshi. In an ɗebe shi, tari ya ƙare."

Aka kifa turmi aka zaunar da Bube a kai, wanzami ya danne masa harshe da ɗan itace, ya zura ƙarfe ya yanke ɗan naman nan mai reto a maƙogwaro. Ni na riƙe masa kai. Kwana uku ko kunu ba ya wucewa, mutumin da dama ba ya cin abinci. Da wannan bai yi ba, wanzamin ya dawo ya kafa masa ƙaho shida a baya, ya juye jinin a ƙasa yana nuna mana baƙinsa, wai ga mugun sanyin nan ya fito. Su ma mutanen barga ba a bar su a baya ba. Tsohon da ke kula da dawaki ya ce a yi masa irin na dabbobi, suka zuba garwashi a kasko, suka ɗora tsohon buhu da sassaƙe, suka lulluɓe shi da bargo ya shaƙa, sannan suka ba shi ruwan kanwa. Ya fito ido jawur yana neman numfashi, suna cewa ai alamar maganin ya kama ke nan.

A makon nan ne Ɗan Gulbi ya yi tari. Sau uku, in ji mutanen barga. Tun kafin hantsi Alhaji ya fito da Fijo ɗinsa da kansa ya nufi Birnin Kebbi, kafin azahar ya dawo da likitan dabbobi. Aka saurari ƙirjin doki, aka yi masa allura, aka ce ya huta kwana goma, kada ya ƙara shiga gulbi. Babu wanda ya ce a kira wanzami ya cire wa doki hakin wuya, babu wanda ya ce a lulluɓe shi da hayaƙin buhu. Bube ne ke riƙe da linzami ana yi, yana tari yana kawar da kai. Likitan ya juyo ya tambaye shi tun yaushe yake wannan tari. Da ya ji, sai ya ce wa Alhaji dokin da sauƙi, wannan mutumin ne ya kamata a kai asibiti yau. Alhaji ya ce sanyi ne, in an gama sukuwar bana za a duba. Ina yi wa likitan nan addu'a duk inda yake. Amma a duba wannan abin kunya: cikinmu duka, dangi da maƙwabta da uban gida, likitan doki ne mutum na farko da ya ce a kai ƙanena asibiti.

Bayan kwana biyu Bube ya tofar da jini a bakin rijiya ina kallo. Ban nemi izinin kowa ba. Na sayar da tunkiyata a ranar, na kife tukwane, washegari muka shiga kiya-kiya zuwa Birnin Kebbi.

Asibiti ma ba daɗi muka ji ba, kada a ce na yabe shi fiye da kima. Ranar farko a layin kati ta ƙare, muna kaiwa taga aka rufe. Rana ta biyu aka ba shi ɗan gwangwani ya tofa majina, aka ce sai gobe. Hoton ƙirji kuma sai da muka jira kwana huɗu, wai kayan aikin sun ƙare, suna hanya daga Sakkwato. Muna kwana a barandar wani shago, yana tari mutane suna janye tabarminsu. A nan Allah ya haɗa mu da Sista Rifkatu, wata nas Kirista 'yar wajen Filato, doguwa, mai faɗa kamar me. Da ta haska bakinsa ta ga aikin wanzami, ta wanke ni tas a gaban jama'a, ta ce saura kaɗan mu kashe shi kafin ciwon ya kashe shi. Gaskiya kuwa ta faɗa. Da ta tashi aiki kuma, ita ɗin ce ta ce mu kwaso kayanmu, akwai ɗaki a bayan gidanta da take ajiye gawayi. Ta share mana shi, ta ware masa kwanonsa da kofinsa, ba ta taɓa karɓar komai a hannuna ba.

Maganar likita ba ta da yawa, amma ta zauna mini. Ya ɗaga hoton ya ce: "Tarin fuka ne, tibi. Allura sittin, kullum ɗaya, babu fashi, sannan ƙwayoyi fiye da shekara. Ciwon nan yana kwantawa tun kafin ya mutu. Ranar da ka ji ka warke, ita ce ranar da ta fi haɗari."

Aka ba mu kati mai gida sittin. Kullum da safe mu bi layi, a yi masa allura, Sista ta ɗauki jan biro ta cike gida ɗaya.

Ikon Allah, maganin ya karɓe shi. A allura ta takwas zazzaɓin yamma ya ɗauke. A ta goma sha biyar ya cinye malmala biyu ya kuma leƙa tukunya. Bakinsa ya dawo, yana ce wa Sista ta mayar da shi rariya, gara ƙahon wanzami da hannunta. Kumatunsa suka fara fitowa, bel ya koma hujinsa na da. Ban taɓa jin daɗin ganin mutum yana cin abinci irin na kwanakin nan ba.

A allura ta ashirin sai ga Fijo a ƙofar gidan Sista. Tun da muka zo Alhaji bai aiko ko da gaisuwa ba, ranar nan ya zo da kansa da kaji biyu. Ya zauna a zaure ya ƙare wa Bube kallo daga sama har ƙasa, abin da ya fara fita daga bakinsa shi ne:

"Kai Bube, ka yi nauyi hwa."

Daga nan ya shiga ba da labari kamar hira kawai ya zo yi. Babbar sukuwa za a yi a nan Birnin Kebbi nan da kwana goma sha huɗu, da dawakin Sakkwato, har da na Nijar. Ɗan Gulbi ya warke sarai, amma ya kayar da mahaya biyu, ɗaya har da targaɗe. Bai ce Bube ya zo ya hau ba, yana da wayon da ya fi haka. Cewa ya yi shi dai ba zai matsa wa marar lafiya ba, sai dai dokin da ba a hawa ba shi da amfani a barga, akwai wani a Sakkwato da ya daɗe yana tayawa. Ina bayan ƙofa ina ji. Na fito na ce masa doki ya samu hutun kwana goma a kan tari uku, mai doki sai ya bari mutum ya ƙarasa allurarsa. Ya yi murmushi ya ce ai shi ma abin da ya ce ke nan, ya tashi ya kaɗe rigarsa.

Kwana uku muna abu ɗaya da Bube. A rana ta uku, bayan an yi masa ta ashirin da uku, muka zauna a gindin darbejiyar asibiti ya fito mini a fili.

"Yaya, na warke, ke ba ki gani? Kwana goma kaɗai na. In lallashi dokin ga, in hau, in komo su ci gaba da huda ni."

"Mi likita yac ce maka?"

"Likita bai san doki ba."

"Alhaji ya san huhu? Kak ka tahi, Bube. Ni na roƙe ka."

Ya jujjuya katin a hannunsa, sannan ya ce: "In anka sai da Ɗan Gulbi, ni wa ni ke? Ƙanen mai tuwo?"

Maganar ta yi mini zafi, na zage shi, na ƙwace katin, na ce in ya tafi babu ni babu shi. Washegari na riga shi fita don in kama masa layi kamar kullum, shi zai biyo ni in ya yi wanka. Layi ya zo kaina, aka kira sunansa sau biyu. Sista ta dube ni, ta dubi ƙofa, ta mayar wa jan biron marfinsa. Da na koma ɗaki babu takalmansa.

Labari ya iske ni cewa yana Argungu, kuma ya koma shan tsamiya da kanwa. Naman da na tara masa loma-loma, a kwana goma ya zubar da shi da gangan don doki ya ji sauƙi. Na bi shi har barga, aka ce ya fita da doki. Na koma, aka ce yana barci.

Ranar sukuwa na je fili, ba tukunya, sai katin a ƙulle a bakin zanena. Fili ya cika maƙil, ga kalangu, ga maroƙa, mutane har kan motoci. Dawaki tara aka jera, zagaye uku. Bube yana cikin rigar bargar Alhaji, fara mai koren hannu, ya lafe a wuyan Ɗan Gulbi kamar babu kowa a kai. Zagayen farko yana na huɗu. A na biyu ya wuce biyu. A kwanar ƙarshe ya matse wani jan doki na Sakkwato, suka taho kai da kai, sai na ga ya sunkuya ya yi wa Ɗan Gulbi magana a kunne kamar yadda ya saba, dokin ya miƙe, ya zo na ɗaya. Zan faɗi abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ni da na zo da fushi, ban san lokacin da na yi tsalle na rangaɗa guɗa ba. Har yau ina jin haushin kaina a kan guɗar nan.

Na kutsa na same shi a bayan doki, ya dafa sirdi yana tari a cikin hannun riga. Da ya ɗago na ga abin da ke jikin rigar, shi ma ya san na gani, ya naɗe hannun. Na kama shi na ce asibiti ga shi can, ko mota ba ma buƙata, mu je yanzu. Ya ce gobe. Kafin in ƙara magana jama'a sun ɗaga shi sama. Alhaji ya karɓi kofi, Bube aka ba shi rediyo. Gwaggo Tumba kuwa ta bi gidaje tana cewa ai ga shi nan, ƙaho da cire hakin wuya ne suka yi aiki, asibiti dama ƙarasawa kawai ya yi.

Goben nan ta kai mako bakwai. Aka ce saura ta Augie, ya hau. Aka ce saura ta gida Argungu, ba za a yi babu shi ba, ya hau. Kunyar Sista ma ta hana shi komawa, ya ce da wane ido zai dube ta. Na yi faɗa, na yi kuka, na kai ƙara wajen manyan unguwa, suka ce mutumin da ke cin sukuwa ai ba majinyaci ba ne. Ranar da ya kasa tashi na aika a roƙi Alhaji mota, aka ce Fijo ta tafi Sakkwato. A bayan a-kori-kura muka kai shi, kwance kan buhunan shinkafa.

Wannan karon Sista ba ta yi faɗa ba. Ita ta nemo masa gado. Likita ya ɗaga sabon hoton ya daɗe yana kallo, ya ce za su yi iya ƙoƙarinsu. Kwana biyu ya yi. Da safiyar Alhamis ya tambaye ni ko katin yana wurina, na ce yana nan.

"Gida nawa ya rage?"

"Talatin da bakwai."

"Da yawa," in ji shi.

Kafin azahar ya cika. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa, ya yafe mini riƙe masa kai da na yi.

Ranar addu'ar uku Alhaji ya zo da buhun shinkafa, ya ce kwana ne ya ƙare. Na yarda kwana yana ƙarewa, ni Musulma ce. Amma na ga yadda ya tashi Fijo a kan kwanan doki. Ina ƙoƙarin haɗiye wannan sai ga saƙo ya shigo cikin gida, wai in an samu sarari a nemo rigar sukuwa, ta barga ce, za a ba sabon mahayi. Na ja mayafi na fita zaure da kaina, maza cike.

"Alhaji, riga na ƙone ta, jini na gare ta. In sabon mahayin naka ya yi tari, ka ce doki na, sai a kai shi ga likita."

Aka yi ta cewa Kulu yi haƙuri, Kulu koma ciki. Na koma, buhun shinkafar kuma na sa aka mayar masa.

Bayan wata biyu na fara tari. Zanena ya fara zagaye ni da saura, masu sayen tuwo suna cewa Kulu ta koma yarinya. Gwaggo ta shigo da tafarnuwarta ta ce ta yi wa wanzami magana, gobe zai zo. Ban kwana a garin ba. Sista ta sake share mini ɗakin gawayi, aka ba ni nawa katin.

A wajen allura ta ashirin da wani abu na tashi da safe na ji ni garau. Tari babu, ƙarfi ya dawo, ga kasuwa tana ci a Argungu wata ta kafa tukwane a wurina. Wallahi sai da na naɗe tabarma. Ina tsaye da ita a hannu na gane abin da Bube ya ji a gindin darbejiya, ba taurin kai ba ne kawai, jikin ne da kansa yake rantse maka ka warke. Fushin da nake yi da shi ya ragu daga ranar. Wanda nake yi da masu yi masa barka da rama bai ragu ba, ban kuma ga ranar raguwarsa ba. Na shimfiɗa tabarmar na tafi layi.

Na cike sittin, na sha ƙwayoyin har ƙarshe, na koma tuwona. Filin sukuwa dai ban ƙara takawa ba. Katunan biyu suna cikin adakata a leda ɗaya. Nawa ja ne har gidan ƙarshe, nasa fari ne daga ashirin da huɗu zuwa ƙasa. In wani ya zo mini da zancen mai tari yana cewa sanyi ne, ko ya ce ai ya ji sauƙi zai bar magani, ba na gardama da shi. Na Bube nake ɗaukowa in ba shi, in ce ya ƙirga mini fararen.